Ku ƙyale filin golf ɗin nan, ku da kuka cinye badala

To, na karanta sharhin naku har ƙasa, Allah ya saka da alheri. Mutum ya fita ranar Asabar da abokansa, ya buga ƙwallon da bai ma ƙware a kai ba, ya sa hoto, shi ke nan an kafa masa kotu. Masu cewa na zama Bature ba su dame ni ba, na saba da su tun ranar da na fara sa tabarau. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne bawan Allahn da ya rubuta cewa wai wannan uban filin golf a tsakiyar Kano asara ne, gwamnati ta karɓe ta yanka a yi shaguna, talaka ya samu abin yi. Shi da tulin mutanen da suka bi shi da "wallahi gaskiya ne", da ku nake.

Shaguna. Kullum dai shaguna. Bakano ya ga fili babu gini, sai cikinsa ya fara ciwo, ya rasa barci, ya fara lissafin ƙofa nawa za ta fita a layin gaba. Mun yi shaguna a jikin katangar makarantu, mun yi a jikin masallatai, mun kai har bakin maƙabarta. Filin Idi da kakanninmu suka bar mana don sallar shekara sai da aka zagaye shi da shaguna, aka zo aka rushe a 2023, aka koma kotu ana ta shari'ar diyya. Ginin jaridar Triumph da ya yi shekaru yana buga mana labari ya koma wurin kasuwanci. Otal ɗin Daula ma haka ya ƙare. A duk waɗannan, don Allah a nuna mini talaka ɗaya, mai tura baro ko mai sayar da rake, da aka kira aka ce ga mukullin shagonka. Ɗaya tak nake nema. Sunan talaka ake ara a yanka fili, in an gama yanka shi ne na farko da mai gadi zai kora daga bakin ƙofa.

Wanda bai taɓa shiga filin nan ba, bari in gaya masa abin da yake son a zuba wa kankare. Da ka bar titi ka taka ciki, ƙarar Adaidaita Sahu take fara ja da baya. Itatuwa ne manya waɗanda suka girmi iyayenmu, inuwarsu ta haɗe, iskar wurin ma daban take da ta bakin titi. Rami 18 ne, in za ka zagaye su duka sai ka yi tafiyar awa huɗu a ƙasa, kana bugu kana bin ƙwallo. Mu kuwa da muke 'yan koyo, tafiyarmu ta ninka ta kowa, don ƙwallonmu ba ta san hanya miƙaƙƙiya ba. Abokina ya ɗaga sanda da ƙarfinsa duka, ya tayar da ƙura da guntun ƙasa, ƙwallo na zaune inda take tana kallonsa. Wani ya buga ta tafi cikin ciyawa, muka bazu muna nema. Aka yi dariya, aka yi gumi, aka yi sallar Azahar a gindin bishiya. Abin da muka yi ke nan da ya jawo mana zagi.

Kuma wanda ya ce duk attajirai ne a wurin, bai je ba. Akwai su, ban musa ba, motocinsu na nan a jere. Amma akwai tsofaffin ma'aikata da likita ya ce su riƙa tafiya saboda sukari da hawan jini, da sandunansu na gwanjo da suka yi shekara da shekaru. Akwai samarin da ke ɗaukar wa mutane jakar sanduna, waɗanda in suka karɓi sandar suka gwada maka bugu ɗaya sai ka ji kunyar kanka. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na ƙasar nan da ɗaukar jaka suka fara. Su ma in an yanka filin ai sai a ba su shago, ko?

Ga maganar da nake so ta shiga kunnenku. Filin nan bai kai yau don mun fi son itatuwa ba. Ya kai yau ne don yana da masu shi. Akwai mutanen da suke zuwa duk mako, suna biyan kuɗin ƙungiya, suna gyara shi, kuma in ka zo da igiyar awo za su ɗaga waya su kira wanda zai hana ka barci. Shi ya sa yake nan. Badala kuwa, wato ganuwar birni, ta kowa ce, don haka ba ta da kowa. Babu wanda ya ɗaga waya saboda ita. Mu da muka gaje ta mu muka cinye ta, loma-loma, yanzu kuma mun share baki mun hango ɗan abin da ya rage a hannun wasu muna cewa a kawo shi ma.

Kun san me muka cinye kuwa? Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun wajen 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, shi da ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi. Aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Baturen matafiyi Clapperton da ya zo a 1824 ya ƙirga ƙofofi 15 ya rubuta. Wani Baturen, Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya shigo ta cikinta a 1851. A watan Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari, Turawa da kansu sai da suka kafa igwa kafin su samu shiga ta wajen Kabuga. Abin da ya yi shekara 800 yana tsaye, mayaƙan Kwararrafa sun zo sun tafi, damina ta zo ta wuce sau ba adadi, igwar Nasara ta huda gefe ɗaya kawai ta bar sauran. Mu ne, 'ya'yan gida, da shebur da tifa da takardar fili, muka gama da ita cikin shekarun da ba su kai rayuwar mutum ɗaya ba.

Ni a gindinta na tashi, shi ya sa abin yake mini zafi. Da yamma in an taso daga makarantar allo, kan badala muke hawa. Daga can sama kana hango Dala da Goron Dutse, kana hango hayaƙin girkin unguwanni, shanu na dawowa daga kiwo ta ƙofa. Akwai wuraren da faɗinta ya isa yara su yi tsere a kai. Muna zamiya daga sama a kan kwali, mu koma gida wando ya yage a sha duka, gobe a koma. Lokacin sallah nan muke samun wurin kallo mu da ba mu da kuɗin komai. Kuma tun a lokacin ana cin ta, a gaban idon manya. Mai jaki ya zo ya kafta ya tafi da ita a mangala, za a yi tubali. Wani ya mayar da gindinta juji. Wani ya ja katangar gidansa taku biyu, baɗi ya ƙara uku. Ba wanda ya ce uffan, don ba ta uban kowa ba ce. Daga baya manya suka ga ai abin da mai jaki yake yi da mangala za a iya yin sa da katafila da sa hannun hukuma. Ku bi titin BUK daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya ku gaya mini abin da kuka gani.

A 2010 aka ture Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi. Ƙofar da ta yi ɗaruruwan shekaru, aka tashi da safe babu ita. Nawa ne cikin masu yi mini wa'azin kishin gari suka fito ranar? Aka gina mana wata da siminti, aka shafa mata fenti ruwan ƙasa, aka ce ga tarihinku nan. Muka karɓa muna ɗaukar hoto a gabanta. Tun 2007 sunan ganuwar Kano yake cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana fatan a sa su cikin kayan tarihin duniya. Yana nan a jerin jira har yau. In sun zo dubawa me za mu nuna musu, gidajen mai?

Sai wani ya ce, ai golf wasan Turawa ne, ba al'adarmu ba. Madalla da wannan kishi. Wanda ya rubuta haka, hoton da ke kan shafinsa rigar Arsenal ce. Ƙwallon ƙafar da kake hana kanka cin abinci saboda ita, a Fagge aka ƙirƙiro ta? Ƙwallon dawaki ma ai baƙuwa ce, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya karɓe ta hannu biyu, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kanta har ƙasashen waje, yau wa zai ce wa Bakatsine ba tasu ba ce? Filin golf na Rayfield a Jos yana nan tun 1913, na Kaduna tun 1921. Abin da ya shekara ɗari a ƙasarka, kakanninka suka share shi suka dasa itatuwansa da hannunsu, ya daina zama baƙo, malam. Wuce nan.

Wani kuma ya ce Turawa sun ware wurin ne don kansu, ɗan ƙasa ba ya shiga sai dai ya ɗauki jaka. Gaskiya ne, haka aka yi, Nassarawa da Bompai ba don mu aka tsara su ba. To sun tafi tun 1960. Haushin wanda ya tafi shekara sittin da wani abu za ka huce a kan bishiya? Kuma tunda an tabo Turawa, ku je Gidan Ɗan Hausa ku gani. Hanns Vischer, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, a gidan ƙasa ya zauna, ginin maginanmu, da zankwayensa da zanen bangonsa da rufin azara. Baƙo ya zo daga Turai ya ga ginin kakanninmu ya isa a zauna a ciki da alfahari. Mu jikokin maginan muna ganin gidan ƙasa abin kunya ne, sai mun rushe mun sa tayil mai ƙyalli har a bangon waje, mu kwana muna gasuwa in an ɗauke wuta.

Kada kuma wanda ya kawo mini maganar hula a nan. Na san ku, yanzu za a fara "ai wane ne ya sayar", "ai wane ne ya rushe". Ba ruwana da Kwankwasiyya, ba ruwana da Gandujiyya, ban tambayi launin hular kowa ba. Badala ta ga mulkin soja, ta ga na farar hula, ta ga kowace jam'iyya, kuma kowane zamani ya ɗebi rabonsa. Gwamna ba ya sayen shago dubu shi kaɗai. Mu ne muke layi da kuɗi a hannu, muna neman wanda ya san wani a ma'aikatar filaye. Laifi tudu ne, mun take namu muna hango na Gidan Gwamnati.

Akwai masu wayo da suka ce ai ginin ƙasa dama ba ya daɗewa, ruwa ne ya cinye. Ruwan bai fara sauka a zamaninmu ba. Ginin ƙasa yaɓe yake so, kuma da can ana yi masa. Kafin damina a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa a shafe bango da ita don ruwa ya zame, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta shiga. Ganuwa ma aikin gayya ake yi mata, a raba wa unguwanni da garuruwa kowa da yankinsa. Ranar da aka daina yaɓe ranar ta fara mutuwa. Ku tsallaka Agadas ku ga hasumiyar masallacinsu, ta ƙasa ce zalla, tsayinta mita 27, tana nan tsaye don suna hawa suna yaɓe ta, kuma tun 2013 tsohon garin ya shiga kundin UNESCO. Su ba ruwa ake yi musu kamar mu ba, na yarda, amma hasumiyar Gobarau ta Katsina fa? Abin da zai ba ka haushi ka rasa inda za ka sa kanka, a gidan tarihi na Jos an gina kwaikwayon wani yanki na ganuwar Kano da na masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, shi ya tsaya a kan aikin. Ana nan ana nan sai ɗan Kano ya hau mota zuwa Filato don ya nuna wa ɗansa yadda badalar garinsu take.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, masu cewa a yanka filin nan su ne dai masu sa tsofaffin hotuna marasa launi duk ranar Juma'a. Dalar gyada, jirgin ƙasa a tasha, Ƙofar Mata da raƙuma, a rubuta "Allah sarki Kano ta da" a jera alamar hawaye. Kewa ta baki ba ta da tsada, ko sisi ba a biya. Yaushe rabonka da Gidan Makama? Yana nan a gaban gidan Sarki, gini ne tun zamanin Rumfa, kuɗin shiga bai kai na katin da kake zagina da shi ba. Ka taɓa kai 'ya'yanka? Ka taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ka sayi ko ƙyalle ɗaya don masu rinin su ga dalilin komawa gobe? Ranar da aka raba gadon gidan kakanku na cikin gari, mai soro da dakali, wa ya fara cewa a sayar wa mai kuɗi ya yi bene?

Wannan ta ƙarshen ba da wasa na faɗe ta ba. Gidan da aka haifi mahaifina haka ya tafi. Zaure uku ne kafin ka shiga tsakar gida, na farkon da rufin daurin guga, in ka shigo daga rana sai ka ji kamar an zuba maka ruwan randa. A nan kakanmu yake zama da almajiransa, a nan aka ɗaura auren iyayenmu mata duka. Magada sun yi yawa, kowa da buƙatarsa, wani zai aurar, wani bashi ya sha masa kai, ba ka da bakin hana mutum haƙƙinsa. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe ƙasar a tifa. Ban riƙe kowa a zuciya ba, Allah ya ji ƙan magabata. Amma na san yadda abu yake tafiya in ba wanda zai tsaya masa, kuma na san ba ya dawowa. Shago in ya rushe a gina wani cikin wata uku. Bishiyar da ta shekara tamanin fa, wa zai ba ka ita?

Ko don ruwa ma ya kamata ku yi tunani. Kududdufan cikin gari, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar da aka gina birnin, su suke shanye ruwan sama. Muka cike su da shara muka yanka muka gina. Yanzu duk Agusta sai a kwana ana kwalfe ɗakuna, a fito ana cewa ƙaddara ce. Fili irin na golf, da Filin Sukuwa, da na ƙwallon dawaki, su ne 'yan wuraren da suka rage da ƙasa take shan ruwa, gari yake shan iska. A filin dawaki na Kano jirgin sama ya sauka a Nuwamban 1925. Da irinku ne a lokacin, da matuƙin ya leƙo ya tarar da layin masu sayar da atamfa.

In da gaske talaka ne a ranku, ga abin da za ku nema, ni ma in sa hannu. A buɗe wa 'yan makaranta rana ɗaya a mako su shiga su ga bishiya su riƙe sanda. A sauƙaƙa wa mai son ya zo ya taka da safe. A kula da yaran da ke ɗaukar jaka, a tura masu hazaƙa gasa. Wannan magana ce, za a iya zama a yi ta. Amma "a yanka" ba magana ba ce, cuta ce, kuma ita ta kai mu inda muke. Wanda bai iya tsare abin da kakansa ya gina ba, ba shi da bakin ba da shawara a kan abin da wasu suka tsare. Ku je ku nemo mana badala tukuna, in kun dawo da ita sai mu zauna a yi maganar filin golf.

Af, tunda na tuna. Da muka tashi daga filin, cikin gari muka nufa neman gurasa, don yunwar tafiyar awa huɗu ba ta jin shayi. Jama'a, me ya samu bandashe? Da can ƙuli-ƙuli ake zuba mata har sai ta ɓace a ciki, man gyada na gaske yana naso a takarda, ga albasa ga yaji mai tayar da gumi. Wadda aka ba mu ranar, an yayyafa mata wani gari fari-fari da ban san ko na mene ne ba, man kuma ko ƙamshin gyada babu, ita kanta gurasar ta yi laushin burodi kamar ba a tanderu aka gasa ta ba. Kuma kuɗin ya ninka. Wanda ya san inda har yanzu ake yin ta gaske, ta wajen Jakara ko ko'ina ne, ya rubuta mini kwatance a ƙasa, Asabar mai zuwa ina da baƙi daga Zariya.